Dirar Gefen Ƙafa

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki, a watan Mayun 1999, manyan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi sun cika zauren wani maƙwabci suna kallon talabijin, mu kuwa 'yan mata muka samu sarari muka kafa gaɗa tun rana ba ta yi sanyi ba. Da aka zo kaina na faɗa da baya a hannun ƙawayena, suka cilla ni sama. Maimakon in dira a tafin ƙafa kamar kowa, sai na sauka a gefen ƙafafuna, ta dama ta lanƙwashe, na kife a bakin kwata.

Ƙafar baka gare ni tun ina tatata. In na haɗe dugadugaina, sai kaza ta bi tsakanin gwiwoyina ta wuce. Tafiya ba ta gagare ni ba: ni ke ɗebo ruwa a famfon bayan masallaci, ni ke kai niƙan waken awarar Inna har Tarauni in dawo da bokiti a ka. Tsalle ne abokin gabana. A 'yar gala-gala ina taka layi, a tsallen igiya ina tangaɗi kamar mai jiri, a makaranta kuma malamar wasanni ta mayar da ni mai gadin takalma.

Targaɗen ranan ya kwantar da ni. Anti Rabi, ɗaliba mai koyon gashin ƙashi a asibitin koyarwa, wadda ke haya a ɗakin ƙofar gidanmu, ita ta naɗe mini ƙafar. Da na warke ta sa na diro daga kan turmi tana tsugune tana kallo. Ta nuna wa Inna takalmana, duk sun cinye ta gefen waje. Ta ce nauyina ta nan yake sauka, naman cinya da na ƙugu kuma ba sa kamawa tare, shi ya sa nake faɗuwa. Kullum da safe sai ta tsayar da ni a ƙafa ɗaya a jikin bango har cinyata ta ɗauki rawa, tana cewa, “Saki gwiwarki, Hadiza, ki sauka a hankali.” Na gaji, na yi kuka, amma na fara dira ba na faɗuwa.

Likitan da ta kai mu wurinsa ya ce sai an yi aiki ƙashin zai miƙe. Baba, direban motar kasuwa ne, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a bari abubuwa su daidaita, tunda farar hula sun hau. Abubuwa ba su daidaita ba. Anti Rabi ta gama karatu ta koma garinsu, ba mai tsayar da ni a bango, ni ma na daina.

Yanzu ɗinki nake yi a Darmanawa. A da faɗuwa ce kawai, in tashi in kakkaɓe zane. Yau gwiwar ce ke ci na ta ciki tun kafin azahar. In zan sauka daga adaidaita sai na riƙe ƙarfe, in ajiye ƙafa ɗaya, in jira ta yarda, direba yana ta hon. Baba ya rasu yana cewa baɗi. Ban riƙe shi a rai ba. Na gaji ne kawai.