Gwadabe da Rijiyar Zartsi

Gwadabe mai gawayi bai taɓa shan ruwa ya yi shiru ba, sai ya faɗi aibinsa. A ƙauyenmu, kusa da Guri, shi ke ƙona ƙwallon goruba ya daka, ya shimfiɗa a tukunya mai huji tsakanin yashi da tsakuwa. Ruwan fadama mai wari in ya bi ta ciki sai ya fito garau. Mata na tsokanarsa wai hannunsa ya fi gindin tukunya baƙi, amma babu gidan da ba a sayen gawayinsa.

Shekarar fari, bayan yaƙin basasa, kogi bai malalo fadama ba. Tafki ya ƙafe, rijiyar da ta rage ta koma zartsi. Muka koma ɗebo ruwa daga nesa a kan jakuna, aka soma maganar tashi zuwa Haɗeja. Gwadabe, wanda iyayensa ke kwance a maƙabartar garin, ya roƙi dattawa su dakata, shi zai gyara rijiyar.

Ya gwada gawayin kirya, ya gwada na marke, har ƙasusuwan shanun da fari ya kashe ya ƙona. Kullum yana tacewa yana kurɓa, ya daina shan kowane ruwa sai wannan.

Wata Juma'a bayan an sauko ya tara mu, ya cika ƙwarya. Ya ce, "Ku ɗanɗana. Zartsin ya tafi."

Na sha. Ruwa garau, amma gishirin yana nan daram. Gawayi na ɗauke wari da dauɗa, bai iya wa gishiri ba. Harshen Gwadabe ne ya saba. Kowa ya kurɓa ya ce sannu da ƙoƙari, matarsa Larai kuwa ta karɓa ta shanye tas. Har yau in na tuna murnar da ke fuskarsa tausayi ke kama ni.

Ba a daɗe ba aka ɗaure kaya. Gwadabe ya biyo mu daga baya yana mita, wai mun guje wa ruwa mai daɗi, gara a koma.

A Haɗeja, gidan ƙanin Larai, aka kawo masa ruwan famfo a kwanon sha. Ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya dubi matarsa.

"Larai, ran nan me ya sa kika shanye?"

Ta ce, "Malam, da na rage, da wani ya gaya maka a gaban jama'a."

Ya ajiye kwanon a hankali. Bai ƙara cewa a koma ba.