Kamanjar Ustaz Muntari

Mahaifin Muntari ya yi shekara ashirin yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin ya kwaso iyalinsa zuwa Aljirif, bakin kogi a gefen Khartum, ya kama aikin buga jan bulo. Burinsa ɗaya ne, ɗansa ya zama malami. To, malamin ya zama, sai dai ba irin wanda tsohon ya roƙa ba.

Yana ɗan shekara goma sha tara Muntari ya shiga makarantar kiɗa a Khartum, aka ɗora masa kamanja a kafaɗa, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Wani ɗan Koriya ne ya koya masa, mutumin da Larabcinsa bai wuce kalma goma ba, sauran bayanin da fensir yake yi a bayan hannun ɗalibi. Da labari ya iso gida, uban ya kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba.

"A zuriyarmu babu maroƙi," in ji shi a rana ta huɗu.

"Baba, wannan kiɗan ba a roƙo da shi. A takarda ake karanta shi."

Tsohon ya karɓi takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ga ɗige-ɗige a kan layuka kamar tsuntsaye a kan waya. Tunda dai akwai karatu a ciki, sai ya ƙyale shi.

Shekara goma sha biyar Muntari yana tsallaka gada kullum safiya zuwa Omdurman, da farar riga da baƙin akwatin kamanja a cinya. Yana kiɗa a bayan manyan mawaƙa, yana kuma koyarwa. Ranar Alhamis su huɗu sukan haɗu su yi tsofaffin kiɗe-kiɗen Turai, masu sauraro ba su cika talatin ba, amma nan ransa yake. Matarsa Lauratu ta je sau ɗaya. Da suka fito ya tambaye ta yadda ta ji.

"Malam, da daɗi," ta ce. "Amma yaushe za a fara waƙar?"

Da sojoji suka karɓi mulki a 1989, abubuwa suka sauya. Aka fara kallon makaɗa a karkace, bukukuwa suka ragu. Wata rana aka miƙa wa Muntari takardar sallama daga aiki, ba tare da an faɗi laifinsa ba. Abokansa uku na Alhamis suka tafi, biyu Alƙahira, ɗaya ƙasar Holan. Suka yi ta aiko masa da wasiƙa ya biyo su. Shi kuwa ga tsohuwarsa Iya, idonta ya mutu, ba ta yarda kowa ya kama hannunta sai shi. Ya zauna.

Ya kafa rumfa a tsakar gida, ya jera kujeru, ya ce duk mai son koyo ya zo bayan la'asar. Wata biyu babu wanda ya leƙo. Sannan wata mata ta yi sallama, Fatna, ma'aikaciyar jinya daga unguwar Alsahafa, shekararta talatin da takwas, mijinta bai daɗe da rasuwa ba.

"Ustaz, na yi tsufa da koyo?"

Ya dubi yatsunta. "Kina iya samun jijiya a hannun jariri?"

"Ina iya."

"To wannan ya fi sauƙi."

Ƙarya ya yi mata, daga baya ya amsa da bakinsa. Shekarar farko, in Fatna ta ja izga a kan tsirkiya, akuyar maƙwabta sai ta amsa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. In ta kuskure, yakan ce, "Mu sha jabana tukuna," Lauratu ta kawo gahawa mai citta, a sake daga farko. A hankali wasu suka biyo sawu: wani tela daga Alhilla Kuku, 'yan mata biyu na jami'a da ke ɓoye kamanja cikin buhun shinkafa in za su hau mota.

Ya haura hamsin kunnensa na hagu ya fara nauyi, wanda kamanjar ta yi shekara talatin tana kuka a gindinsa. Ya ɓoye, har ranar da Fatna ta yi wani sashe ya gyaɗa kai ya ce ya yi. Sai ga muryar Lauratu daga madafa, tana tsakiyar yin kisra, siririyar gurasar dawa.

"Bai yi ba. Wajen ƙarshe ta sauka ƙasa kaɗan."

Aka sake. Muntari ya juya kunnen dama, ya ji gaskiyarta ce.

"A ina kika koya?" ya tambaye ta bayan ɗalibai sun watse.

"Shekara nawa ina jin abu ɗaya safe da yamma? Ko bangon gidan nan ka tambaya zai faɗa maka."

Ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar aka ƙara kujera ɗaya a rumfar. Shi ya gyara riƙo da zaman yatsu, ita ta ce an hau ko an sauka. Ɗalibai suka fi tsoronta.

A 2005, da aka ɗan sassauta, wata cibiyar al'adu a Khartum ta ba su zaure na yamma guda. Muntari ya ce Fatna ce za ta ja gaba, shi zai zauna a bayanta. Ta ƙi, ta ce ba ta shiga gaban malaminta.

"Fatna, kunnena ba ya riƙe ragama yanzu," ya ce. "Ki ja, zan bi hannunki."

Haka aka yi. Mutum sittin da wani abu suka zo, har da masu buga bulo na Aljirif cikin wankakkun jallabiyoyi. Fatna ta kuskure sau ɗaya, ta wuce abinta.

Ya ci gaba da koyarwa har shekara bakwai bayan nan. Da yatsunsa suka ƙage, ya ba Fatna kamanjar, ya ce ta riƙa shafa mata ƙyalle saboda zafi. Ita ce ke karɓar sababbin ɗalibai a gidanta na Alsahafa, ranar Juma'a kuma ta kwaso su zuwa Aljirif su gaishe shi.