Malam Mahadi da Tautaun Fadamar Rake

Duk wanda ya shiga fadamar Kekun Waje a daminar bana ya san akwai matsala tafe. Kan rake ya fara bushewa, in ka ja ganyen tsakiya sai ya zare da wari. Tsutsa ce ta shiga kara. Manoma suka sa ranar gayyar feshi, a bi fadamar daga wannan baki zuwa wancan, kada a bar ko ƙwaro ɗaya da rai.

Mutum ɗaya ne hankalinsa bai kwanta da shirin ba, wato Malam Mahadi, malamin gonar da ke zuwa mana daga Gusau, wanda zai aje aiki ƙarshen shekarar nan. Shi ya kamata a yi wa jinjina tun yana ji da kunnensa.

Kowa ya san al'adarsa. Tun raɓa ba ta bushe ba zai jingine tsohon babur ɗinsa gindin mangwaro, ya naɗe ƙafar wando, ya kutsa cikin rake yana duba saƙar tautau. Mu a wurinmu tautau duk ɗaya ne, abin a taka. Shi ya nuna mana akwai mai ɗana tarko tsakanin kara da kara, akwai ɗan ƙarami mai tsalle kan ganye, akwai baƙi mai gudu a ƙasa da 'ya'yansa goye a baya. Kowanne da ƙwarin da yake ci. Ko lokacin da hanyar Tsafe ta yi tsanani saboda 'yan bindiga, mutane suka rage fita, manoman 'Yandoto sun shaida bai daina leƙa su ba.

Cikin manoman fadamar, Umaru ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Babban ɗansa Zaharaddeen shi ke masa feshi, ga shi wuyansa da bayansa sun yi ƙuraje jawur. Saurayin ya gaya wa ubansa in raken bana ya mutu, zai bi abokansa daji haƙar zinari. Umaru kuwa ya san gidajen da suka sallami 'ya'yansu can, har yau ba labari.

Da ya hango Malam Mahadi sai ya tare shi. "Malam, dubi abin da tautaunka ya yi wa ɗana. Wanga karo sai mun ƙare da su, su da tsutsar baki ɗaya."

Malam ya duba bayan Zaharaddeen, ya ce a kawo famfon feshi. Ya cika shi da ruwa ya goya da kansa. Kafin ya kai ƙarshen kunya rigarsa ta jiƙe daidai inda ƙurajen suke.

"Baba Umaru, tautaun naka murfi gare shi, kuma ya tsage," in ji shi. "Ka kai yaron asibiti yau."

Sannan ya ja Umaru gaban wata saƙa, ya nuna masa ƙwari maƙale a ciki. "Waɗannan su ke zuba ƙwan da ke zama tsutsa. Wadda ta riga ta shiga kara, feshi bai cika isa gare ta ba. Masu gadin kawai za ka kashe. Sare karan da suka kamu ka ƙone su waje, busasshen ganye kuma ka bar shi bakin gona, nan suke fakewa."

"In na yi haka raken zai tashi?"

"Ban yi maka alkawari ba. Abin da na gani na gaya maka."

Ranar gayya Umaru ya tsaya kan iyakar gonarsa, ya ce a tsallake tasa. Aka yi masa caa. Wani ya ɗaga murya, "Umaru ya ɗauki tautau ƙwadago! Mi kake biyansu, fura?" Zaharaddeen ya juya baya don takaici. Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Malam Mahadi bai yi gardama da kowa ba. Ya roƙi masu feshi su lura da inda iska ta nufa, ya karɓi adda, ya shiga sara tare da uban da ɗan har rana ta take.

Malam Mahadi, kai ne ba ka taɓa raina tambayar manomi ba. Kai ne ka goya famfo mai yoyo don ɗan wani. Mai takalmi cike da taɓo, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Matasan da za su shigo aikin nan, ku koyi shiga kunya da ƙafarku kamar yadda yake yi.

Ƙurajen Zaharaddeen sun bushe. Gonar Umaru ta cika da saƙa, gindin da aka sare ya fara toho, amma har yanzu ana samun kara mai tsutsa. Saurayin bai ce ya fasa tafiya ba, ya dai ce zai jira yankan rake. Ko raken zai kai, ko saurayin zai zauna gida, ubansa bai sani ba, Malam Mahadi ma bai sani ba.