Ruwan Motar Baba

Ranar wata Asabar cikin watan Afrilu, shekarar da nake aji biyar a firamare, motar Baba ta tsaya da mu a hanyar Funtua, maƙare da buhunan masarar mutane. Farar akori-kura ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Tururi ya taso ta gefen bonet, Baba ya gangara gefen titi ya kashe ta. Muka zauna a gindin wata ɗorawa har injin ya huce, sannan ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin lagireto, inda ake zuba ruwan da ke sanyaya inji. Ya leƙa, babu ruwa. A gaban masu masarar ya juyo ya ce, "Rifkatu, kin zuba mata ruwa da safe?" Na ce na zuba. Ya ce, "To ina ya tafi?" Ranar sai da na yi sawu uku da jarka zuwa wani ƙauye da muke hangowa, rana na dukana, kafin motar ta yarda ta tashi.

Mu huɗu ne a gidanmu, duk mata, ni ce babba, don haka ruwan mota ya faɗo kaina kamar yadda sharar tsakar gida da ba awaki dusa suka faɗo kan ƙannena. Ƙauyenmu yana kudu da Malumfashi, rijiyarmu tana bayan majami'a, kuma da bazara ruwanta kan ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. Kowace safiya nakan cika randunan Mama, in taka kan turmi in cika lagireto, in wanke ƙafa in ruga makaranta. Ban taɓa ƙin yi ba, don na san da motar nan ake sayen taki, da ita ake ɗinka mana kayan Kirsimeti.

Daga wannan Asabar zaman gidan ya canja. Kullum da safe Baba yakan durƙusa ya duba ƙarƙashin mota, ya ga ƙasa a bushe ƙayau. A ganinsa, motar da ke yoyo dole ta jiƙa inda ta kwana, tunda kuwa ba ta jiƙa ba, to mai zubawa ce ke ha'inci. Ya sa na riƙa cika jarka biyu ƙari kafin in tafi makaranta, ina isa an gama taron safe, in miƙa hannu a yi min bulalar latti. Da yamma sa'o'ina suna carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina bakin rijiya, tafin hannuna duk kanta. Maƙwabta kowa da maganinsa. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a cikin lagireto, aka fasa. Wani ya ce murfin ne, aka sayo sabo. Motar ta ci gaba da shanye ruwa a hanya, masu kaya suka fara komawa wajen wasu direbobi, Baba ya rame, magana kaɗan sai faɗa. Sau ɗaya ya tsaya a kaina na zuba a gabansa, motar ta kai Malumfashi ta dawo lafiya, don tafiyar ba nisa. Wannan ya ƙara tabbatar masa da zarginsa. Mama takan ce min, "Ki yi haƙuri, ba da ke yake ba, da motar yake." Amma ni ake wa faɗan. Har na kai ga shakkar kaina, in na kwanta hutawa sai in tambayi kaina ko yau da gaske na zuba.

Wajen wata biyu muna haka. Da ruwan farko ya sauka, lokacin ɗaukar taki ya zo, Mama ta ce ba za ta ƙara zuba ido ba, a kai motar wajen Malam Sale. Tsohon makaniki ne a Malumfashi, garejinsa gindin mangwaro ne kawai da akwatin ƙarfe. Baba ya tafi da ni saboda jarkoki. Malam Sale ya saurari bayanin Baba har ƙarshe, har da batun ha'incina. Ya ce min, "'Yata, cika ta yadda kika saba." Na cika. Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya murza a yatsa, ya ce da ruwa na shiga inji da man ya yi fari kamar koko, to bai yi ba. Ya sa aka tayar da mota, ya tsuguna bayan salansa yana kallon hayaƙi, ya ce nan ma lafiya. Sai ya aika aka sayo bula, shuɗin nan da ake sa wa farin kaya, ya kaɗa ya zuba a lagireto, ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Ya bar injin yana aiki har ya ɗau zafi sosai, sannan ya kashe, ya ce kowa ya yi shiru.

Can muka ji wani ɗan tsiii. Ya kira Baba ya nuna masa ƙasan wani tiyo, daidai inda ƙarfe ya ɗaure shi. Ruwa shuɗi na tsartuwa siriri kamar zare, yana faɗawa kan ƙarfen inji mai zafi, yana ƙonewa nan take. Kwalin ko ɗigo bai samu ba. Ya ce, "Malam Ishaya, tsagar ba ta buɗewa sai mota ta yi zafi. In ta huce sai ta rufe bakinta. Shi ya sa ba ka gani a gida. Yarinyar nan tana zubawa."

Na yi zaton ranar da gaskiyata ta fito zan yi tsalle. Ban yi ba. Wata irin gajiya ce ta sauko min, na jingina da mangwaron, barci ya ɗauke ni suna canja tiyo. Da muka isa gida na ji Baba yana ce wa Mama a ɗaki, "Ashe tiyo ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari na fito da bokiti na tarar ya riga ya cika lagireton da kansa, kuma har aka sayar da motar bai sake sa ni ba.

Yanzu ina koyarwa a Funtua, ina da 'yar motata wadda fitila ke kamawa a gabana in ruwanta ya ragu, ba sai an tuhumi kowa ba. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, in na je gida yakan riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na sha yin niyyar tayar da zancen, sai in ga yadda ya ƙanƙance a kujera in fasa. Shi ma a wancan lokacin a gajiye yake, ni ce ban kai in gane ba.