Mutumin da Ya Kwance Igiyarsa

Ƙararrawar gwajin gobara tana kaɗawa a wata firamare a Greensboro, a Amurka. Hafiza, mataimakiyar malama, tana jera 'yan aji biyu a fili kamar kowane wata. Sai ga wani lebura yana saukowa daga rufin ginin da ake yi a tsallaken titi. Ya kwance igiyar da ke riƙe da shi, yana tsallake matakan tsani bibbiyu.

Dogo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, hular kwanonsa ta karkace. Ya kama wayar shinge da hannu biyu, na hagun yatsu huɗu ne. Leɓensa na motsi. Yaran yake ƙirgawa, da Hausa.

"Baba, lafiya lau," in ji Hafiza. "Gwaji ne kawai. Ɗanka na nan ne?"

"A'a, 'yata, ba ni da kowa a nan." Bai ɗauke ido daga yaran ba. "Sun cika?"

"Sun cika."

Hafiza ba ta san garinsu ba, amma ta san a can gida akwai garuruwan da in yara suka fito daga aji da rana tsaka, ba gwaji ba ne, 'yan bindiga ne suka zo. Wataƙila ya taɓa tsayawa a bakin wani shinge, yaran ba su cika ba.

Shugaban aiki na ƙwala masa kira da Turanci. Ya koma, yana hawa tsani a hankali. A saman rufi ya juyo yana kallon ƙofar makarantar, igiyar na reto a bayansa, har yanzu bai maƙala ta ba.