Ranar da Aka Ba Baba

Ranar Alhamis, ɗaya ga watan Mayu na shekarar 1980, na fito tsakar gida da tsintsiya a hannu sai na ga keken Baba jingine da rumbu. Na tsaya ina kallonsa, don ban taɓa ganin keken nan a gidanmu ana tsakiyar zangon karatu ba. Baba yana tsugune a bakin madafa, rigarsa jiƙe da gumi, ya taso daga Gwarzo tun da ya idar da sallar asuba. Ko ruwa bai sha ba ya ce Inna ta sauko masa da ɗaurin irin geron da ke rataye saman murhu tun kaka. Shekaruna tara a lokacin, ƙanena Habu kuwa bai daɗe da yaye ba.

Gidanmu yana wani ƙaramin ƙauye a gefen Gude. Baba lebura ne a kicin ɗin wata makarantar kwana a Gwarzo, shi ke faskaren itace, shi ke jan ruwa yana cika manyan tukwane. Ɗalibai ba sa fashin cin abinci, don haka shi ma ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, sai in an rufe makaranta muke ganinsa. Lokacin shuka bai taɓa samunsa a gida ba. Ƙanensa, Baffa Isa, shi ke shuka mana gona bayan ya gama tasa, kullum geronmu ne autan unguwa. A shekarar nan kuwa Baffa Isa ya tafi ci-rani Kudu, ya aiko cewa ba zai dawo ba. Rumbu ya ƙare tun kafin zafi ya shigo sosai. Na sani, don ni ake zurawa ciki da ƙwarya, kuma ranar ƙarshe ƙaiƙayi kawai na sharo.

Yana sussukar zangarniyar da tafin hannu yake ba mu labarin yadda aka yi ya zo. Jiya, in ji shi, shugaban makaranta ya tara kowa, har su 'yan kicin, ya ce gwamnatin Kano ta ba ma'aikata hutun yini guda, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan. Wani malamin tarihi ya ƙara da cewa asalin ranar daga Amurka ne, tun zamanin kakanni, inda leburori suka ajiye aiki suna neman a tsaida musu shi a awa takwas, aka harbe wasu, aka rataye wasu. Manyan ɗalibai aka sa su yi faskare da girki na ranar. Baba ya yi 'yar dariya ya ce shi dai bai san mutanen ba, amma Allah ya saka musu, sun mutu sun bar masa Alhamis ɗaya. Da wannan Alhamis ɗin zai yi binne, wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya bar shi ya jira ruwa.

Inna ba mai musu da shi ba ce, amma ranar ta yi magana. Ta tuna masa cewa sararin sama ko ɗigon gajimare babu, masu binne ma sai sun ga hadari ya fara kai-kawo a gabas suke yi, kuma wannan ɗaurin shi kaɗai ne gare mu, ita ta san sau nawa ta ɗaga kai ta kalle shi yara suna kuka ta haƙura. Baba ya daɗe yana hura ƙaiƙayi daga faifai kafin ya ce, "Yau aka ba ni. Ba su ce za su ba ni ranar da ruwa zai sauka ba."

Mu ma an ba mu hutu a firamare. Sa'o'ina suna gindin tsamiya suna carafke na wuce su ɗauke da ƙoƙon iri. Baba yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye, in tsunkuli iri in jefa a rami in rufe da diddige. Ƙasar ta yi zafi har sai da na ɗaura tsumma a ƙafa. Malam Sule, maƙwabcinmu na gona, ya zo wucewa a kan jaki, suka gaisa, ya tambayi mutanen Gwarzo da gajiyar hanya, sannan ya ce ashe gaskiya ne ma'aikatan gwamna har ruwan sama ake aiko musu a takarda. Baba ya ce a'a, hutun dai aka aiko, ruwan yana wurin sa hannu. Suka yi dariya tare. Amma da Malam Sule ya kaɗa jakinsa, na ga Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana duban gabas. Ba mu huta ba sai don salla. Da la'asar ta yi sanyi muka rufe ramin ƙarshe, ya kife ƙoƙon ya bubbuga gindinsa, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ya dafa kaina ya ce, "Uwata, gonar nan amanarki ce." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. Ya hau keke ya koma.

Kwana takwas ina tashi daga makaranta in zarce gona korar zabi da kurciyoyi. A na tara, da yamma, iska ta taso, aka yi yayyafi wanda bai fi a jiƙa tsakar gida ba. Yara suka fita suna tsalle, ni ma har da ni. Da na shigo na tarar da Inna tsaye a ƙofar ɗaki, ta tona ƙasa da yatsa tana duba inda laima ta tsaya. Ruwan ya isa ya tada iri, bai isa ya raya shi ba. Bayan kwana huɗu gonarmu ta yi tsiro kore shar ita kaɗai a duk faɗin wurin, daga nan kuma sama ta bushe kamar ba a taɓa ruwa ba.

Inna ba ta saba fita gona ba, amma a wannan karon ta fita. Da asuba take goya Habu ta ɗauki tulu, ni in ɗauki bokiti da gwangwanin madara. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa, sai an jira ruwa ya taru a kwarfo shi rabin guga, mata suna ta mita wai mutane ba su sha ba ana shayar da gona. Kowane rami gwangwani ɗaya muke zuba masa. Muka fara da niyyar gona duka, muka dawo rabi, muka dawo kunya shida da ke kusa da inuwar gawo. Sauran muna gani ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, iska ta kwashe. Na daina zuwa makaranta. Gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai. Wata rana na yi tuntuɓe bokitin ya kife dab da gona, na durƙusa ina kwasar jiƙaƙƙiyar ƙasar da hannu ina kai wa tsiron, Inna tana kallona, ba ta hana ni ba.

Ruwan gaske bai sauka ba sai bayan mako uku. Kowa ya fita shuka, mu ba mu da abin shukawa. Inna ta taka har Durun wurin 'yan'uwanta ta samo 'yar dawa, muka shuka a makare. Daminar nan tafasa da rama muka ci, wani lokacin da ɗan dusa. Habu ya fara zawo, ƙafafunsa suka kumbura. Bai ga kaka ba. An aika wa Baba, amma sai da ya sami wanda zai riƙe masa gatari, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Kunya shidan nan sun yi. Da aka yanke, Baba ya zaɓi manyan zangarniyu ya ɗaure ya rataye saman murhu da hannunsa. Ban taɓa jin Inna ta tuna masa maganarta ba, shi ma bai taɓa tada zancen ba. Da shekara ta zagayo aka ce hutun ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ya zo gida kamar bara, amma bai taɓa sungumi ba, ya je maƙabarta ya dawo ya zauna a zaure har la'asar. Haka ya riƙa yi duk shekara har ya bar aiki. Irin kuwa bai bari ya yanke ba, kowace kaka daga cikinsa yake ware na baɗi. In maƙwabci ya zo roƙo yakan ba shi, ya ce, "Ka jira ƙasa ta sha ta ƙoshi."

Yanzu jikokina a waya suke kallon ma'aikata suna maci a filin wasa na Kano da riguna iri ɗaya, a wurinsu rana ce ta barcin safe. Ban ga laifinsu ba, ban kuma ga laifin waɗanda suka nemo ranar da jininsu ba. Baba ya rasu da sanyin bana, shekara biyu bayan Inna. Da muka shiga kwashe kayansa na ɗaga kai a madafa na ga ɗaurin yana nan, hayaƙi ya yi masa baƙi, da irin ƙullin da shi kaɗai yake yi. Yau ɗaya ga Mayu. Na fita da safe na dubi gabas, babu komai. Na koma na bar ɗaurin a rataye.