Babura Biyu a Ƙofar Gidanmu

Kwanakin baya ina tsaye a kasuwar Haɗejiya ina tayin busasshen kifi, sai na ji ƙugin wani babban babur ta bayana, irin ƙugin nan mai kauri da ƙirjinka yake ji kafin kunnenka. Ban san lokacin da na waiwaya ba. Wani matafiyi ne da kaya ɗaure a baya, ya wuce abinsa. Mai kifi yana ta magana, ni kuwa tuni na koma ƙofar gidanmu, ina 'yar firamare, ina jiran Baba ya dawo daga ƙauye.

Baba malamin gona ne. Aikinsa yawo ne cikin fadama, daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana duba shinkafa da alkama. Babur ɗinsa baƙi ne, ƙato, mai faffaɗan tanki da kujera kamar katifa. Ya riga ni zuwa gidan. Idan ya faɗi, sai an taru ake tayar da shi. Kowace shekara bayan girbi Baba yakan ɗaure buhun shinkafa a bayansa ya nufi Borno, wajen dangin Kaka, ya yi kwanaki ya dawo da kanwa da bandar kifi, fuskarsa ta yi baƙi, yana murmushi.

Maƙwabcinmu kuwa malamin makaranta ne, mutumin kudancin Kaduna, Kirista. Baba Ticha muke ce masa. Nasa babur ɗin shuɗi ne, siriri, mai ƙara kamar zuma ta tashi. Shi ma duk ƙarshen shekara yakan ɗauki matarsa su tafi gida Kirsimeti, su dawo mana da citta da acca.

Kai mai karatu, idan ba ka taɓa ganin dattawa biyu suna musu a kan abin da ba za su taɓa rabuwa da shi ba, to ka yi asarar kallo. Bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, babura biyu a jingine suna hucewa, ƙarfensu yana ƙas-ƙas. Baba yakan ce baƙin nasa ba ya gajiya, a kan kwalta ko iskar tirela ba ta girgiza shi, kana isa Maiduguri ka sauka bayanka lafiya lau. Baba Ticha yakan ce haka ne, amma yana shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya, kuma idan wani abu ya lalace sai an aika Kano. Nasa kuwa, ko bakaniken ƙauye zai kwance shi ya ɗaure da sifana ɗaya. Sai Baba ya tuna masa ranar da ya dawo daga tafiya yana tafiya a tale kamar agwagwa saboda tsukakkiyar kujera.

"Wannan ai ba babur ba ne, keke ne mai tari," in ji Baba.

"Malam, naka kuwa jirgin ƙasa ne da ya ɓata hanya."

Haka suke yi shekara da shekaru. Baƙin ya cinye tayoyi, ya ƙone kuloci sau da dama, lokacin sanyi sai Baba ya yi gumi yana buga kiki kafin ya tashi. Shuɗin ya fara hayaƙi, cen ɗinsa ya riƙa saki, fentin tankinsa ya koɗe inda gwiwa take gogawa. Kowa ya san aibin nasa, amma ba a gaban ɗan'uwansa ba.

Wata damina mai ruwa, wadda kogi ya cika ya shanye gonaki har ya taɓo bayan gari, aka aiko cewa ƙanwar Kaka tana kwance rai a hannun Allah. Tana aure a wani ƙauye can gaba da Kirikasamma, a cikin ruwa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, tun da aka taso da su daga bakin tafkin Chadi suna yara. Motoci sun daina shiga hanyar. Kaka ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗaure ƙullin kayanta, ta yafa mayafi, ta fito zaure ta zauna.

"Iya, ku bari ruwa ya ja," Baba ya ce mata.

"Ruwan zai jira ni. Ita ce ba za ta jira ba."

Baba ya fito da baƙin. Ba a kira Baba Ticha ba, shi ya ga ana ɗaura kaya ya shiga gida ya turo nasa. Aka ce in bi su don in riƙa yi wa Kaka hidima a can, aka ɗora ni a bayan shuɗin, na rungume buta da ƙullin kaya.

Har yau ina jin ƙamshin wannan safiya: jiƙaƙƙiyar ƙasa, hayaƙin mai, da ɗanyen kifi daga masuntan da suka baza taru a gefen hanya. Ruwa hagu, ruwa dama, kan shinkafa ne kawai ya leƙo, fararen balbelu sun rufe bishiyoyi. A gabanmu Kaka tana zaune a karkace bisa faffaɗar kujera, ta riƙe rigar ɗanta da hannu ɗaya, babur ɗin yana tafiya a hankali kamar ya san wadda ya ɗauko. A wannan ɓangaren dai gaskiya tana wajen Baba. Ni kam kowane rami sai da na ji shi a ƙashin bayana.

Da muka bar burji muka shiga taɓo, sai labari ya canza. Baƙin ya riƙa nutsewa, Kaka ta sauka, su biyu su tura, ta sake hawa. Shuɗin kuwa tsallakewa yake kamar ɗan akuya. Da rana ta take muka iso inda hanya ta ƙare ƙarƙaf, sai ruwa shimfiɗe. Mai fito ya zo da kwalekwalensa, ya zagaya baƙin, ya girgiza kai. Ya ce ƙaramin zai shiga, amma wannan idan aka sa shi duk sai mun kwana a ƙasan ruwa. Bayan an haye kuma akwai sauran tafiya a jigawa, wadda tsohuwa ba za ta iya da ƙafa ba.

Baba ya tsaya yana kallon babur ɗinsa. Baba Ticha bai ce uffan a kan musunsu ba. Makulli ya miƙa masa.

"Ka kai Iya. Ni zan tsaya da wannan, ba abin da zai taɓa shi. Giyarsa ta biyu tana ɗan tsalle, ka lallaɓa ta."

Haka muka haye, Baba yana riƙe da shuɗin a tsakiyar kwalekwale, ruwa yana taɓa yatsuna. Da na waiga, na hango Baba Ticha zaune a gindin giginya kusa da baƙin, yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Mun sami ƙanwar Kaka da rai. Ta rame har ban gane ta ba, amma da Kaka ta durƙusa ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, sai ta buɗe ido. Suka yi ta magana da Barbarci, a hankali, har da dariya. Ban san Kaka tana da irin wannan dariyar ba. Baba ya bar mu a can ya koma tun kafin rana ta faɗi, don kada abokinsa ya kwana cikin sauro. Ba a daɗe ba ta cika, hannunta a cikin na Kaka.

Bayan wannan musu bai mutu ba, amma ya yi laushi. Iyakar abin da na ji Baba ya ce shi ne, "Ba laifi, yana da amfani a ruwa." Baba Ticha ya yi dariya har da hawaye.

Ina sakandare Baba Ticha ya yi ritaya. Kaya suka tafi a mota da iyalinsa, shi kuwa ya hau shuɗin, ya ce da ƙafar da ya zo zai koma. Baba ya ce zai raka shi Kafin Hausa. Da suka isa ya ce bari ya ƙara gaba kaɗan, sai da suka kai Jahun. Ya dawo bayan la'asar shi kaɗai, ya jingine baƙin, bai shimfiɗa tabarma ba. Daga shekarar ne tafiyar Borno ta fara yi masa nisa. Da farko kayan gyara ne suka yi wuya, daga baya gwiwa ta ƙi kiki, daga ƙarshe hanyar kanta ta zama abin tsoro. Babur ɗin ya zauna a zaure ƙarƙashin buhu, kaji suna ƙwai a gindinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zuwa, ya hana, har Allah ya karɓi ransa.

Baba Ticha ya bugo waya ya yi mana ta'aziyya. Muryarsa ta tsufa. Ya ce nasa ma yana nan a bayan ɗaki, jikoki suna hawa suna tuƙi da baki. Ya tambaye ni ko kogi yana cika kamar da. Na ce masa ciyawar kacala ta toshe mashigar da muka bi, kwalekwale ma ba ya ratsawa.

Yanzu babura sun cika garin nan, ƙanana, iri ɗaya, ana saye ana sayarwa kafin mutum ya san halin abin hawansa. Ɗana yana da ɗaya, ya canza ban san sau nawa ba. Rannan na tambaye shi wanne ya fi a cikin waɗanda ya riƙe. Ya ɗago kai daga waya, ya ɗaga kafaɗa.

"Umma, ai duk ɗaya ne."

Na so in ce masa ba ɗaya ba ne. Amma na duba ƙofar gida, ban ga wanda zai taya ni musun ba.